Baƙon da Ke Zaune a Kujerar Baya

Ya shigo ana tsakiyar waƙa ta biyu. Wani abokin aikinsa ne ya daɗe yana yi masa naci, yau dai ya ce bari ya zo ko ya huta da magana. Ya nemi kujera can baya kusa da ƙofa, yadda in abin bai yi masa ba zai sulale ba wanda ya lura. Jama'a suka miƙe, ya miƙe. Suka zauna, ya ɗan makara, sai ya ga shi kaɗai ne a tsaye. Aka ce a buɗe littafin Habakuk, wata dattijuwa ta miƙo masa Littafi Mai Tsarki, ya riƙe yana ta juya shafi, bai san gaba zai nufa ko baya ba. Can wajen ƙarshe aka fara zagayawa da gurasa da 'yan ƙananan kofuna, ga farantin nan yana matsowa layinsa. Ya ɗauka ne, ko ya miƙa wa na kusa?

Mutumin nan bai san cewa a kansa ake ta kai ruwa rana tun zamanin manzanni ba. Zamansa a wannan kujera yana tayar da tsohuwar tambaya: taron da Kirista ke yi ran Lahadi, don wa ake yinsa? Wasu shugabannin ikkilisiya na cewa sujada tsakanin Allah ne da jama'arsa, wanda bai ba da gaskiya ba in ya zo marhabin, amma ba za a sauya ko kalma ɗaya dominsa ba. Wasu kuwa na ganin safiyar Lahadi ita ce babbar ƙofar da bare ke leƙowa, saboda haka a tsara komai, daga waƙa har tsawon wa'azi, da shi a rai. Kowane ɓangare da ayoyinsa. A ganina rikicin ya taso ne daga cakuɗa abubuwan da ya kamata a rarrabe, domin wanda ake yi wa sujada daban ne da masu yin ta, haka shi ma wanda ya zo ya tarar ana yi, matsayinsa daban.

Kalmar kanta ta isa ta haska hanya. Sujada a asalinta kai goshi ƙasa ne. Kalmar Helenanci da ke cikin Yahaya sura 4, inda Yesu ke gaya wa Basamariyar nan cewa Uba na neman masu yi masa sujada cikin ruhu da gaskiya, ita ma ma'anarta ke nan, faɗuwa ƙasa gaban wanda ya fi ka. Abin yana da alƙibla guda, wato Allah. Kierkegaard, masanin falsafar nan na ƙasar Denmak, ya kwatanta kuskuren da mutane ke yi da gidan wasan kwaikwayo. Ya ce jama'a na ɗaukar kansu 'yan kallo, mai wa'azi kuma ɗan wasan da za a yaba ko a kushe, alhali su ne ke kan dandamali, mai wa'azi tunasar da su kawai yake yi daga gefe, mai kallon kuwa Allah ne. Duk wanda ya taɓa fitowa daga majami'a yana cewa "yau sujada ba ta yi mini daɗi ba" ya san inda wannan magana ta dosa.

In haka ne, to a zahiri mai bi ne kaɗai ke iya yin ta. Ibraniyawa 11:6 ta ce mai zuwa wurin Allah sai ya gaskata akwai shi. Baƙonmu na iya rera waƙar, muryarsa ma ta fi ta kowa zaƙi, amma cewa "Yesu Ubangiji ne" a bakin wanda bai yarda da haka ba furuci ne kawai. Faɗin haka ba raini ba ne gare shi. Shi ma in mai gaskiya ne zai fi son kada a ɗora masa abin da bai ɗauka ba.

Me masu bi ke samu a taron, tunda Allah ba ya ƙaruwa da yabonsu? Hoto mafi tsufa yana cikin Ayyukan Manzanni 2:42, inda aka ce sun lazimci koyarwar manzanni, da zumunta, da gutsuttsura gurasa, da addu'a. Amma shaidar da ta fi burge ni ta fito ne daga bakin wanda ba Kirista ba. Wajen shekara ta 112, Filini, gwamnan lardin Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, ya rubuta wa Sarki Tarajan na Roma yana neman shawara kan yadda zai yi da mutanen nan. Ya bincika, har da azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya, abin da ya samo shi ne: suna taruwa a wata rana ƙayyadadda kafin gari ya waye, su rera waƙa ga Almasihu kamar ga allah, sa'annan su ɗaure kansu da rantsuwa cewa ba za su yi sata ko fashi ko zina ba, ba za su karya alkawari ba, ba kuma za su hana ajiya in mai ita ya zo karɓa ba. A lura da yadda waƙa da amana suka zo a numfashi ɗaya. Mutum ya yi yabo da asuba, da hantsi ya koma kasuwa da alkawarin cewa ba zai ci amanar kowa ba. Taron yana gyara wa mai bi ma'auninsa ne, bayan kwana shida duniya na gaya masa cewa wani abu dabam ne ya fi muhimmanci.

Bayan shekara kamar 40, wajen 155, Jastin wanda daga baya aka kashe saboda bangaskiyarsa ya rubuta wa wani sarkin Roma yadda taron Lahadi ke gudana: a karanta rubuce-rubucen manzanni ko na annabawa gwargwadon lokaci, shugaba ya yi gargaɗi, a miƙe a yi addu'a tare, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, jama'a su amsa da Amin, a kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu, a tara baiko don marayu da gwauraye da fursunoni da baƙi. Wanda ya shiga majami'a yau zai gane kusan kowane mataki. Akwai kuma abin da ake yawan mantawa, cewa taron na kallon gefe kamar yadda yake kallon sama. Kolosiyawa 3:16 ta ce a koya wa juna, a gargaɗi juna da zabura da waƙoƙi. Matar da ta binne mijinta makon jiya, muryarta ta ƙi fita, na kusa da ita ne ke rera mata abin da ta gaskata amma ba ta iya furtawa yau. Shi ya sa marubucin Ibraniyawa, a 10:25, ya haɗa gargaɗin kada a bar taruwa da umarnin ƙarfafa juna. Mutum na iya jin wa'azi ta waya a ɗakinsa, amma ba zai ga hawayen kowa ba.

To, ina matsayin na kujerar baya?

Tun a Tsohon Alkawari an yi tunaninsa. Ranar keɓe Haikali, a 1 Sarakuna 8:41 zuwa 43, Sulemanu ya roƙi Allah ya ji addu'ar baƙon da ya zo daga ƙasa mai nisa saboda ya ji labarin sunansa. Sai dai Haikalin zamanin Yesu yana da shinge. A shekara ta 1871 aka gano wani dutse a Urushalima, wanda yanzu ke gidan tarihi a Istanbul, da rubutun Helenanci mai gargaɗin cewa kada baƙo ya ƙetare shingen, wanda aka kama kuwa shi ya ja wa kansa mutuwa. Ba barazanar baki ba ce. A Ayyukan Manzanni 21 saura ƙiris a kashe Bulus bisa zargin ya shigar da Tarofimas mutumin Afisa ciki. Filin waje, inda Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, ke iya tsayawa, shi ne galibin masana ke ganin aka mayar kasuwar canji da tattabaru, shi ya sa lokacin da Yesu ya kifar da teburan, ayar Ishaya 56:7 ya ɗauko, cewa gidan nan gidan addu'a ne domin dukan al'ummai. Wurin da aka ware wa baƙo aka cinye da ciniki.

Inda maganar ta fi fitowa fili shi ne 1 Korantiyawa sura 14, kuma ya kamata a daɗe a nan. Ikkilisiyar Koranti tana da baiwa, tana kuma da hayaniya, kowa na so a ji shi yana magana da harsuna, wato furuci cikin harshen da masu sauraro ba sa ganewa. Bulus, wanda ya rubuta musu wasiƙar, bai fara da baƙo ba. Ya fara da ƙa'idar cewa duk abin da za a yi a taro a yi shi don gina 'yan'uwa, har ya ce gara ya faɗi kalma 5 da hankalinsa don ya koyar da wasu da ya faɗi kalma 10,000 da harshen da ba a ganewa. Sa'annan, daga aya ta 23, ya ce a ɗauka dukan ikkilisiya ta taru, kowa na magana da harsuna, sai marasa ba da gaskiya suka shigo. Ashe ba za su ce kun haukace ba? Amma in ana faɗin saƙon Allah a sarari, wanda ya shigo zai ji an taɓa shi, asirin zuciyarsa ya tonu, ya faɗi rubda ciki ya yi wa Allah sujada yana cewa lalle Allah na cikinku.

Bulus dai ya ɗauka cewa ƙofa a buɗe take, bare na iya faɗowa kowane lokaci, kuma ra'ayinsa abin damuwa ne. Duk da haka bai ce a sassauta saƙon ba. Abin da ya durƙusar da mutumin shi ne tonon asirin zuciyarsa, wanda kowa ya san ba shi da daɗi. Furucinsa ma abin lura ne. Bai ce mutanen nan sun iya tarbar baƙi ba, bai ce mai maganar gwani ne ba. Cewa ya yi Allah na nan. Ya shigo ya tarar mutane na hulɗa da wani da gaske, cikin harshen da shi ma ke ji, sai abin ya ci shi. Abin da ke gina mai bi da abin da ke kama baƙo ya zama abu ɗaya, gaskiya da aka faɗa yadda za a gane. Haƙƙin baƙo a kan ikkilisiya shi ne ya fahimci abin da ake yi, ba wai a daina yi don ya saki jiki ba.

Ikkilisiyar ƙarnonin farko ta warware matsalar da raba taro biyu. Kashin farko, na karatu da zabura da wa'azi, masu koyon bangaskiya da ba a yi wa baftisma ba na iya zama. Da an gama sai a yi musu addu'a a sallame su, a rufe ƙofa, a shiga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Koyon nan a wasu wurare yakan kai shekara 3. Har yau a sujadar ikkilisiyoyin Otodoks na Gabas ana jin mai hidima na kira "Ƙofofi! Ƙofofi!" kafin a furta shaidar bangaskiya, ko da yake ba a fitar da kowa yanzu. Sunan da Katolika ke kiran sujadarsu, Mas, shi ma daga kalmar Latin mai nufin sallama ya fito.

A irin wannan kashi na farko Agustin, wanda daga baya ya zama bishop kuma babban malamin ikkilisiya, ya zauna. Ya isa Milan a 384 yana malamin iya magana, ya riƙa zuwa sauraron Bishop Ambros, kuma shi da bakinsa ya ce ba abin da ake faɗa ya kai shi ba, so yake ya auna ko mutumin ya kai yadda ake zuzuta shi a fasaha. Ya je a matsayin mai duba aikin abokin sana'a. Amma ya ce yayin da yake buɗe zuciya don jin yadda aka iya faɗa, sai gaskiyar abin da ake faɗa ta riƙa shigowa tare. Ambros bai sauya wa'azinsa saboda saurayin ba, Nassi yake buɗe wa jama'arsa. Daren Ista na 387 ya yi masa baftisma. Mutum ke nan da ya fara zuwa da niyyar da ba ta ibada ba, ba wanda ya kore shi, ba kuma wanda ya ruɗe shi cewa ya riga ya zama ɗan gida.

Daga baya lissafin ya rikice. Bayan dokar 313 da ta halatta addinin Kirista a daular Roma, da ta 321 da ta mai da Lahadi ranar hutu, da ta 380 da ta mai da shi addinin gwamnati, majami'u suka cika da mutanen da aka haifa a ciki. Shingen da ke tsakanin mai bi da marar bi ya tashi daga bakin ƙofa ya koma cikin zukata, inda ba mai gadin da ke gani. Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya gane haka. A gabatarwar tsarin sujadar Jamusanci da ya fitar a 1526, ya ce taron da ake yi a fili a majami'a yana cike da waɗanda ba su riga sun gaskata ba, da yawa sun zo ne su ga sabon abu. Ya yi mafarkin wani ƙaramin taro a gida na masu son bin Almasihu da gaske, sai ya ce bai samu mutanen da zai fara da su ba tukuna. Wannan ya kamata ya sa mai wa'azi taka tsantsan. Marar bin da ya fi wuyar kaiwa ba lalle ne yana kujerar baya ba, wataƙila yana cikin mawaƙa shekara 20. Mai bi na gaske kuma kowane mako yana bukatar jin bisharar nan da ake cewa ta baƙi ce.

Gwaji mafi girma na juya taron Lahadi ya fuskanci baƙo an yi shi ne a Amurka. A 1975 aka kafa ikkilisiyar Willow Creek kusa da Shikago, a cikin gidan sinima. Masu kafa ta sun bi gida gida suna tambayar mutane abin da ya hana su zuwa coci, suka tsara taron ƙarshen mako bisa amsoshin, da kiɗan zamani, da gajeren wasan kwaikwayo, da jawabi kan matsalolin yau da kullum. Sujadar masu bi da Jibin Ubangiji aka mai da su tsakiyar mako. Dubbai suka zo, ikkilisiyoyi a ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, kuma rashin adalci ne a musa cewa mutane da dama sun ji bishara ta wannan hanya. Amma a 2007 ikkilisiyar ta wallafa sakamakon binciken da ta yi a kanta, wanda ya nuna cewa yawan shiga shirye-shirye ba ya nufin mutum na girma cikin ƙaunar Allah, kuma cikin waɗanda suka fi nisa a bangaskiya akwai masu ƙorafin ba a ciyar da su. Sun cancanci yabo da suka faɗi haka a fili. Ni abin da na fi ganin haɗari a tsarin shi ne darasin da yake koya wa baƙo ba da baki ba, cewa shi ne tsakiyar taron. Wanda aka jawo da alkawarin ba za a takura masa ba, ranar da aka kawo maganar ɗaukar gicciye zai ga kamar an sauya masa ciniki. Garin neman gira ana iya rasa ido.

Sai dai masu sukar wannan tsari su ma kada su yi saurin wanke hannu. Akwai majami'un da ke fakewa da "sujada ta Allah ce" don su ɓoye lalaci da rashin kula. A yi ta jefa kalmomi irin su barata da tsarkakewa da fansa ba mai tsayawa ya fassara, a yi sanarwa da sunayen da 'yan gida kaɗai suka sani, baƙo ya shigo ya fita ba wanda ya ce masa sannu. Yakubu sura 2 ta riga ta zana hoton: mai zoben zinariya a ba shi wuri mai kyau, matalauci a ce ya tsaya can. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba ta rage wa Allah ɗaukaka ko kaɗan. Cocin Katolika ta yi ƙarnoni tana sujada da Latin bayan jama'a sun daina jin sa, sai a Disamba 1963 babban taron Batikan na biyu ya buɗe ƙofar amfani da harsunan mutane. Takardar da ta yi wannan ta ƙara wata magana mai amfani ga kowace ɗarika, cewa sujada ita ce ƙololuwar aikin ikkilisiya amma ba ita ce dukan aikin ba, domin kafin mutane su zo gare ta sai an kira su ga bangaskiya da tuba. Nauyin da ake ɗora wa awa biyu na Lahadi ya yi yawa ne saboda an sauke shi daga sauran kwanakin. Abokin aikin da ya yi ta naci, da irin halin da ya nuna a wurin aiki, ya riga ya yi rabin wa'azin kafin fasto ya buɗe baki.

Saura farantin. A nan ne ikkilisiyoyi suka fi rabuwa, kuma ba yau aka fara ba. Wani ɗan littafin koyarwa na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2 ya ce kada wanda ba a yi wa baftisma ba ya ci ko ya sha. Katolika da Otodoks na riƙe da teburin ga 'ya'yansu. Jon Wesli kuwa, wanda ɗarikar Metodis ta samo asali daga gare shi, ya koyar cewa Jibin na iya zama hanyar da Allah zai juyo da mai nema, shi ya sa yawancin Metodis ke gayyatar duk mai son zuwa wurin Almasihu. A garin Northampton na Amurka, Jonatan Edwads ya gaji kakansa a matsayin fasto, kakan da ke barin mutanen kirki su ci ko da ba su shaida tuba ba. Da Edwads ya ce sai wanda ya furta bangaskiya, jama'arsa suka sallame shi a 1750, bayan hidimar fiye da shekara 20. Maganar wa zai miƙa hannu ga gurasa ta taɓa cin kujerar ɗaya daga cikin manyan masu wa'azin ƙarninsa.

Na fi karkata ga cewa Jibin furuci ne, domin 1 Korantiyawa 11:26 ta ce mai ci da sha yana shelar mutuwar Ubangiji ne har ya dawo, kuma bai dace a sa mutum shelar abin da bai yarda da shi ba. Amma ko wane matsayi ikkilisiya ta ɗauka, bai kamata a bar mutumin nan yana zufa yana satar kallon na kusa ba. Jimla biyu daga mai jagora sun isa. Ya faɗi abin da gurasar da ƙoƙon ke nufi, ya ce wanda bai kai ga gaskatawa ba ya miƙa gaba ba tare da jin kunya ba, an yi murna da zuwansa, in kuma yana da tambaya akwai mai sauraronsa bayan an tashi. Sai ya karɓi farantin da hannu biyu ya miƙa wa dattijuwar da ta ba shi littafi, ya ga yadda ta rufe ido kafin ta kai gurasar baki.